Jinin Hasan a Hannun Husaini

Ku ƴan kabu-kabun bakin tashar Tasawa, na ji abin da kuke faɗi a bayana. Wai Lawali ya ci banza, shekara da shekaru shina yawo da glasiya, akwatin sanyin nan, a bayan moto kamar mai tallan yawur, wata ya ƙare a miƙa mishi albashi. Bashari ma cewa ya yi in an ba shi aikin, ido ruhe zai yi shi. To Bashari, kai da ka kada buhun gero da mai buhun gaba ɗaya cikin rairayin Korgom, zamna in ba ka labari, in na ƙare sai ka ce ko kana so.

Ranar da na fara aikin dakon jinin nan, ba a ba ni jini ba. Ƙwai aka ba ni. Majo Zainabu, wadda ke ɗibar jinin, ta jera ɗanyen ƙwai cikin glasiya ta ce in kai Mayahi in dawo da shi. Na ce, "Majo, in na iso Mayahi wa zan ba?" Ta ce, "Ba kowa. Ka gaida garin ka juyo." Ni kuwa lokacin tashen gudu nike, na murza moto kamar ana bi na. Da na dawo ta buɗe murhi, ta leƙa, ta ce, "Sannu da aiki. Saura albasa da mai." Dukkan gidan likita aka yi ta dariya, har mai shara.

Haka ta yi ta aike na da ƙwai har ranar da na dawo da shi lahiya. Cikin wannan yawon banza na koyi sana'ar. Ka rage iskar taya in za ka shiga rairayi. Ka shimfiɗa tsohuwar katifa ƙarƙashin glasiya, ka ɗaure da roba, ba igiya ba. Kada ta yi kusa da bututun hayaƙi. Ka jiƙa buhu ka lulluɓe ta, in ya bushe ka tsaya bakin rijiya ka sake jiƙawa. Rami kuma ba a tsallake shi, lallaɓa shi ake kamar surukinka. Don jini in ya sha girgiza fashewa shike cikin kwalba, in ya ji zahi ya lalace, mutanen labo, ɗakin awon jini a Maradi, su ɗaga shi sama su duba su jefa shara. Kai ka sha rana a banza, tsoho ya sha allura a banza.

Kayan aikin ba su da yawa. Glasiya, da robobin ƙanƙara masu shuɗi da ke kwana cikin firigo, da ƴan kwalabe kamar ɗan yatsa, da abin awon sanyi da ake sakawa ciki. Wannan abin awon shi ne munahukin aikin. In ka tsaya shan shayi wurin budurwa, ba ka faɗa ba, shi zai faɗa.

Kuna tambaya mi ake yi da jinin. Ni ma na tambaya. Lakkwal, makarantar boko, a sizyem na baro ta, ajin farko na sakandare, ni da malamin lissahi ba mu shiri, amma kunnena ba ya barci. Doktor Ramatu, mai aikin gaba ɗaya, ƴar nan ce ta yi karatu waje ta dawo. Gigin tsufa take bi. Kun san tsohon da zai ci tuwo ya wanke hannu ya ce ba a ba shi ba, ko ya dubi ɗan cikinshi ya ce, "Baƙo, daga ina?" Mu nan cewa muke tsufa ne, ko iska, ko an yi mishi sammu. Ita ta ce ciwo ne cikin ƙwaƙwalwa, kuma tana zaton shina barin sawu cikin jini tun kahin ya bayyana. Sawun take nema.

Na ce, "Doktor, kai ke ciwo, ke kuma kina neman shi a hannu?"

Ta ce, "Lawali, ka yi makarantar allo?"

Na ce, "Na yi, har bulala na sauke."

Ta ce abin da mutum ya gada wurin uwa da uba rubuce shike cikin jini, kamar babbaƙu a allo. Waɗannan ba su sakewa. Amma rayuwa tana bi tana sa musu farfaru: yunwar da ka sha, hayaƙin da ka shaƙa, aikin da ka yi, shekarun da ka kwashe. Baƙi ɗaya ne, amma in wasali ya sake, karatu ya sake. Ita duka biyun take dubawa, na masu gigi da na tsohin da kansu ke daidai, ta ga inda suka rabu. Na ce to, ashe ni ɗan aiken alluna ne. Ta ce in dai ba za ka jiƙa su ba.

Wata rana a bariyar hanyar Mayahi, shingen da ake tsaida motoci, wani jandarma sabon zuwa ya tare ni. Ya buga glasiya da sanda ya ce, "Mi ke ciki?" Na ce, "Jini, shef." Ya ce, "Jinin mi?" Na ce, "Na mutane." Wallahi sai da ya ja baya ya gyara bindiga. Ina miƙa mishi takardar misyo, ta izinin aikin, shina karɓa da yatsa biyu. Tun daga ranar in ya hango ni sai ya ɗaga igiya tun daga nesa ya kau da kai. A ƙauye kuma wani bala'in ne. Wasu su ce Najeriya muke kai jinin mu saida. Wasu su bi ka da kofi, a ɗan sam musu ƙanƙara don yaro na zazzaɓi. Ka hana, ka zama marar imani. Ka ba, jinin mutum goma ya tahi. Wannan, Bashari, ba a koyon shi da ƙwai.

Sai shekarar nan da soja suka karɓi mulki. Kun san ta, ba sai na tuna muku ba. Iyaka a ruhe, kuran, wutar lantarkin da ke zo muna daga Najeriya, an yanke, esansi, man moto, ya zama kamar turare, a ƴar kwalba ake auna shi. Damina kuma ta yi muna rowa, a gefenmu gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Firigon gidan likita sai an tada gurup, injin wuta, gurup sai da mai. Masu ba Doktor kuɗi daga waje suka yi shiru. Kwalaben ɗibar jini suka fara ƙarewa, ba hanyar kawo wasu. Ta tara mu ta ce abin da ya rage cikin kwali shi ke nan, in ya ƙare aiki ya tsaya sai yadda Allah ya yi.

Cikin wannan halin aka kawo mata labarin wasu tsohi a wani ƙauye bayan Hawandawaki. Tagwaye, Hasan da Husaini, kama ɗaya kamar an tsaga kara. Hasan gigi ya kama shi, ba ya gane ƴaƴanshi, da rani shike ɗaukar hauya wai za shi noma. Husaini kuwa garau, shi ke raba gardamar iyakar gona a garin. Ban taɓa ganin Doktor ta yi rawar jiki kamar ranar ba. Ta ce irin waɗannan babbaƙunsu ɗaya ne sak, don haka duk bambancin da aka gani a jininsu, na farfaru ne. Ta ce tun da ta fara aikin take roƙon Allah shi haɗa ta da irin su. Ta riƙe hannun Majo ta ce, "Na Hasan da na Husaini, kowa da kwalbarshi. In kun kawo min wannan, ko aiki ya tsaya ban yi asara ba."

Muka tahi ni da Majo, ita a baya, glasiya a bayanta. Man da aka zuba muna na zuwa da dawowa ne, ba na kuskure.

Baba Husaini ya tarbe mu a zaure, dogon tsoho mai farar hula, bakinshi ya hi nawa kaihi. Ina sauka ya dubi wandona ya ce, "Wanga kuma yadin ne bai isa ba, ko tela ne ya mutu ana tsaka da ɗinki?" Na ce, "Kaka, yayi ne. Kai ma in kana so a rage maka riga, in ga ko amarya za ta samu." Ya ce, "Ja'iri. Matarka ma in ta gan ni sai ta bar ka." Nan take muka ƙulla.

Majo ta yi bayani kamar yadda take yi kullum, a gaban ƴaƴan gidan. Ba magani muka kawo ba, bincike ne. Ba dole. Jinin bai kai cokali biyu ba. Wanda kanshi ya ruɗe, sai danginshi sun yarda, shi ma in ya janye hannu an bar shi. Baba Husaini ya gyaɗa kai ya ce ai duk abin da zai taimaki na baya alheri ne. Ya naɗe hannun hagu, ta ɗiba, ta manna mishi auduga da filasta. Ko motsi bai yi ba.

Ta ce saura Baba Hasan. Sai Baba Husaini ya ce, to, shi ɗan'uwan nashi ba ya son baƙi, ba ya son haske, in ya ga taro hirgita shike. A ba su ɗan lokaci su lallashe shi, sa'an nan Majo ta shiga ita kaɗai. Ya tashi ya shige cikin gida. Muka zamna aka kawo muna ruwa, aka ba da haƙuri ba hura bana. Can sai babban ɗan gidan ya zo ya ce Majo ta shigo. Ta shiga wani ɗaki mai duhu, ta tarar da tsoho kwance ya juya wa ƙofa baya, an lulluɓe shi da bargo, jar dara a kai, hannun dama kaɗai a waje. Ta gaishe shi, ya yi gurnani. Ta haska tocila a hannun ta ɗiba ta hito. Ta ce min, "Wanga ya hi sauƙi bisa yadda na zata." Na jera kwalba biyu cikin glasiya, na ɗaure, na jiƙa buhu. Aka kira azahar, na ce bari in yi salla mu kama hanya.

Bakin masallaci na tsuguna da buta kusa da Baba Husaini. Muna ta tsiya, shina cewa alwalata irin ta ƴan birni ce, kamar kyanwa na wanke huska. Ya zo wanke hannu, ya ture hannun riga na dama har gwiwar hannu. Auduga da filasta. Ya ture na hagu. Auduga da filasta.

Na dubi hannu, na dubi tsoho. Shi ma ya dubi hannun, ya dube ni. Ruwa na zuba daga buta ba wanda ya tsaida shi.

Na ce, "Kaka, sauro ne ya cije ka a ɗayan, ya manna maka auduga don ladabi?"

Ya ce, "Yi alwalarka, yaro."

Bayan salla muka dawo, kahin in buɗe baki Majo da ke zamne bakin zaure ta riga ta gani, tsohon ya manta bai sauke hannun riga ba. Ta tashi tsaye. Majo in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, ƙasa take yi da ita. Ta ce, "Baba, wa na ɗiba a ɗaki?"

Ya zamna bisa tabarma ya ce, "Ni ne, ɗiyata. Na zagaya ta bayan darni na sake hula."

"Don mi, Baba?"

Ya ce, "Ke likita ce, kin ga shekarar da muke ciki. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan nan. Ni in na ci, na san na ci. Shi sai an bi shi da loma, wani lokaci ya tofar. Jinin da ke jikinshi nawa ne, da za a rage? Ni da shi ciki ɗaya, rana ɗaya, nono ɗaya. Abin da ke jikina shi ke jikinshi. Na ce a ɗibi nawa sau biyu, ku kun samu, shi ya huta. Wa aka cuta?"

Ƴaƴan gidan duk sun sunkuyar da kai. Ashe da su aka shirya, har mai kawo bargo.

Ni dariya ta taso min har wuya, amma da na tuna huskar Doktor sai ta koma. Ku gane abin da ya kusa faruwa. Da mun tahi haka, za a kai kwalba biyu labo, a kashe abin da ya rage na kuɗi a auna jinin mutum ɗaya da kanshi, a ce ba bambanci tsakanin mai gigi da mai lahiya. Doktor ta rubuta haka ta aika duniya. Ba wanda zai taɓa sani.

Majo ta durƙusa gabanshi. Ta ce, "Baba, da jininku ɗaya ne har yau, da ciwonku ɗaya. Abin da ya raba ku muke nema. Kuma cokali biyu ba ya kada mutum, jiki na maida shi. Amma kai ke riƙe da shi. In ka ce a'a, a'a ce. Da ka faɗa min tun farko, da ban huda ka sau biyu ba."

Ya dubi audugar hannunshi. Sa'an nan ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ban iya ba. In wani abu ya same shi, ni na miƙa hannunshi."

Ta ce to. Ta buɗe glasiya ta zare kwalbar ƙarya ta sa cikin kwalin shara. Ta ce min, "Lawali, tada moto." Na taɓa robobin ƙanƙara, sun fara laushi. Ba mu da sauran zama, ba mu da man sake dawowa. Ina ta tunanin bakin da za mu faɗa wa Doktor da shi.

Na buga moto ke nan, sai ga wani tsoho ya hito daga cikin gida, ƙarar ce ta jawo shi. Na san kama, amma wannan ta ba ni tsoro. Baba Husaini ne sak, sai dai an rage shi, riga ta yi mishi yawa, ido na yawo. Wata jika na biye da shi tana, "Baba Hasan, dawo, dawo." Bai dube mu ba. Ya wuce kai tsaye wurin ɗan'uwanshi, shi kaɗai ya sani duk duniya. Ya zamna kusa da shi, ya kama hannunshi, ya ga farin abu. Ya kama ɗayan, ya ga wani.

Ya ce, "Usaini, mi ne wanga?"

"Ba komi, Hasan. Likita ce ta sa min."

"Ina nawa?"

"Kai ba ka buƙata."

Tsoho ya miƙe zumbur. Muryar da ta hito daga wannan ƙirjin ban san inda ta ɓoye ba. "Ba a yi! Ba a ba ɗaya a hana ɗaya! Inna ta hana! Riga tare, takalmi tare. Har biyu ka karɓa, ɓarawo, ka cinye nawa!" Ya juya wurin Majo, ya ture hannun riga, ya miƙa mata wani siririn hannu kamar sanda. "Ke, ɗiyar wa ce ke? Ba a gaya miki mu tagwaye ba ne?"

Matan da ke leƙe ta darni suka fashe da dariya, wata tsohuwa na cewa wallahi gaskiyarshi, tun suna goye ko ƙosai aka ba ɗaya sai an ba ɗayan, in ba haka ba gidan ba a barci.

Majo ba ta motsa ba. Ta ce, "Baba Hasan, allura ce fa. Da zahi kaɗan, kuma jini zan ɗiba." Ya ce, "Shi da aka yi mishi, ya mutu ne?" Ta dubi Baba Husaini. Shi take jira.

Baba Husaini ya dubi hannun ɗan'uwanshi, ya shafa gemu, ya ce, "Rabon da ya yi min faɗa irin wanga tun kahin ciwon." Ya matsa ya zaunar da shi, ya rungumo kafaɗarshi, ya tallabe hannun da nashi. "Ɗiba, ɗiyata. Kaɗan fa."

Na kashe moto na kawo sabuwar kwalba da gudu. Jijiyar ta ɓuya, Majo ta daɗe tana lalube, ni ina riƙe da numfashi kamar ni za a huda. Sai ga shi ya taho, ja wur, ya cika kwalba. Baba Hasan ko uhum bai ce ba, shina kallon ɗan'uwanshi da gadara. Majo ta ce a dama mishi ko kunu ne ya sha, ta zaro ƴan biskit ɗin da ta yi guzuri ta ba jikar. Na karɓi kwalba da hannu biyu, na sa ta kusa da ta Husaini inda sanyi ya rage, na ruhe. Abin awo na nan cikin iyaka. Wata ajiyar zuciya da Majo ta yi sai da mayahinta ya motsa.

Mun isa da su lahiya, kuma Doktor ta aika da su inda ake awo. Kada ku tambaye ni abin da aka gani, irin wannan bincike ba ya nuna da wuri, har yanzu ana kai. Ni dai na san abin da ke cikin kwalbar Hasan na Hasan ne.

Amma ba mu bar zauren nan da sauƙi ba. Majo ta manna mishi auduga da filasta ta fara haɗa kaya, sai ya riƙe mata riga. Ya dubi hannunshi, ya dubi na Husaini, ya ƙirga da ido. Ya ture ɗayan hannun rigar ya miƙa.

Majo ta dube ni, na dubi sama. Ta yago auduga, ta yanko filasta, ta manna mishi a hannun da ba a huda ba, ta danna da yatsa sosai yadda zai ji. Ya ɗaga hannu biyu ya jera su da na ɗan'uwanshi, ya duba da kyau.

Ya ce, "Yawwa. Yanzu ku tahi."